Daga Kano Zuwa Carlisle: Labarin Ɗan Cin Ranin Ƙwallo A Ingila

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijo daga cikin manoman rani na Watari ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, shawara nake nema." Ɗansa na uku yana da shekara 17, duk ƙauyensu kuwa ba wanda ya kai shi iya ƙwallo. Wani mutum ya zo daga birni, ya ga wasan yaron, ya ce zai kai shi Ingila a gwada shi, amma sai an fara biyan kuɗin fasfo da biza da jirgi. Dattijon ba shi da hanyar samun wannan kuɗi sai ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya kuma jinginar da gonarsa ta bakin ruwa.

Ya ce mini, "Mutumin ya ce ko yaron bai sami babbar ƙungiya ba, ƙananan suna nan birjik, kuma dukansu da fam suke biya."

Na ce, "Baba, kafin ka kwance shanun nan daga turke, bari in ba ka labarin wani da aka haifa a Kano, wanda ya yi fiye da shekara goma yana zagaya waɗannan ƙananan ƙungiyoyi." Labarin da na ba shi ke nan nake so in ba ku, gama na san ba gidansa kaɗai ake wannan magana ba. Sunan ɗan wasan Kelvin Etuhu. Da wuya ka ji yara suna kiran sunansa a gidan kallo, amma rayuwarsa ta fi ta shahararrun nuna yadda wannan sana'a take.

Bene mai hawa huɗu

Da fari sai mu san yadda aka shirya ƙwallon Ingila. Abin da yaranmu suke biyan kuɗi su kalla a Bagwai da Bichi ranar Asabar shi ne gasar Firimiya, wadda aka fara a 1992. Ƙungiyoyi 20 ne kawai a cikinta. Ƙarƙashinta akwai rukuni uku, kowanne da ƙungiyoyi 24: rukuni na biyu ana kiransa Championship, na uku League One, na huɗu kuwa League Two. Idan ka haɗa su duka za ka sami ƙungiyoyi 92. Ƙarƙashin waɗannan ma akwai wasu rukunan da yawa, inda za ka tarar da mai tsaron raga wanda da safe magini ne, da yamma kuma ɗan wasa.

Abin kamar bene ne mai hawa huɗu, da matakala tsakaninsu. A ƙarshen kowace kakar wasa, watau cikin watan Mayu, waɗanda suka fi maki sukan hau sama, waɗanda suka zo ƙarshe kuma a sauko da su. Idan ƙungiya ta sauko, kuɗin da take samu daga talabijin da 'yan kallo yakan ragu ƙwarai. Abu na fari da takan yi kuwa shi ne ta rage 'yan wasa.

Saboda haka yawancin masu cin abinci da ƙwallo a Ingila ba a hawan sama suke ba. Suna can ƙasa, a garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba, kuma kaɗan ne cikinsu suke daɗewa wuri ɗaya. Bana suna nan, baɗi suna can, duk inda aka sami mai ɗauka. A ƙasarmu mun san irin wannan mutum. Shi ne ɗan cin rani, wanda yakan ɗauki jakarsa bayan an gama girbi ya tafi inda aiki yake.

Yaron Kano a Manchester

An haifi Kelvin Etuhu a Kano ranar 30 ga Mayu, 1988. Wansa Dickson ma a Kano aka haife shi, a 1982. Tun suna yara aka koma da su Ingila, suka girma a Peckham, wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a kudancin Landan inda 'yan Nijeriya suke da yawa. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu komo kansa: a can suka girma, a can suka yi makaranta.

Dickson ne ya fara shiga ƙungiyar Manchester City, ƙanen kuma ya bi sawunsa. Kelvin yaro ne ƙaƙƙarfa mai gudu, yana wasa ta gefen dama. A 2006 yana cikin yaran City da suka kai wasan ƙarshe na kofin matasa na Ingila, inda Liverpool ta cinye su. Cikin abokan wasansa na lokacin akwai Micah Richards da Daniel Sturridge, waɗanda daga baya suka buga wa ƙasar Ingila. Duk wanda ya ga yaran nan a shekarar zai ce hanyarsu ɗaya ce.

Manyan ƙungiyoyin Ingila suna da wata al'ada. Idan suna da yaro mai kyau amma bai isa shiga cikin manya ba, sai su ba da shi aro ga wata ƙaramar ƙungiya na 'yan watanni, domin ya saba da wasan magidanta. Haka a Janairun 2007, yana da shekara 18, aka aika Kelvin zuwa Rochdale, wani gari kusa da Manchester. Rochdale tana rukuni na huɗu, tun 1974 kuwa take nan ba ta motsa ba. Mai horar da 'yan wasanta a lokacin sunansa Keith Hill, mataimakinsa kuma David Flitcroft. Kelvin bai daɗe a wurinsu ba, wasanni kaɗan ya yi ya koma gida. Amma waɗannan mutum biyu sun ga yadda yake aiki, ba su kuwa manta ba.

Ranar 15 ga Disamba, 2007, Manchester City ta ci Bolton 4 da 2 a gasar Firimiya. Kelvin ne ya jefa ƙwallo ta huɗu ana dab da tashi. Shekararsa 19. A ranar kam, kowa ya ɗauka yaron Kano ya shiga gari.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba. Cikin Maris na 2008 aka sāke ba da shi aro, wannan karo ga Leicester City a rukuni na biyu. A ƙarshen wannan kaka Leicester ta faɗa rukuni na uku, abin da bai taɓa samunta ba tun kafuwarta. Sa'an nan a Satumba na shekarar wani babban canji ya zo: attajiran Abu Dhabi suka sayi Manchester City. A ranar da aka yi cinikin suka sayo Robinho ɗan Birazil a kan fam miliyan 32 da rabi. Ƙungiyar da dā take jiran yaranta su girma, yanzu tana iya sayen duk wanda take so daga ko'ina a duniya. Yaron gida bai yi laifin kome ba, wasansa bai lalace ba, amma wurin da yake sa rai an cike shi da wani. Wannan darasi ne na fari: a sana'ar ƙwallo, shawarar da aka yanke a wani ofis mai nisa tana iya juya rayuwar mutum cikin dare ɗaya.

Kwana goma na watan Mayu

A kakar 2009 zuwa 2010 aka ba da shi aro na uku, zuwa Cardiff City. Wannan ƙungiya ta yi ƙoƙari har ta kai wasan ƙarshe na neman hawa Firimiya. Watan Mayu na 2010 wata ne da gidan Etuhu ba za su manta da shi ba. Ranar 12 ga wata Dickson ya buga wa Fulham wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Hamburg na Jamus, Atletico Madrid ta ci su 2 da 1. Bayan kwana goma, ranar 22 ga wata, Kelvin ya shiga filin Wembley a gaban mutum fiye da 80,000. Daga benci ya fara, amma wasa bai yi nisa ba wani ɗan wasan gaba ya ji ciwo, aka sa shi a madadinsa. Blackpool ta ci Cardiff 3 da 2. Wa da ƙane, haifaffun Kano, kowannensu ya kai bakin kofi ya dawo hannu wofi. Dickson ya wuce Afirka ta Kudu ya buga wa Nijeriya gasar cin kofin duniya. Kelvin kuwa wata matsala ce take jiransa a Manchester.

A farkon wannan shekara an yi wani faɗa da dare a ƙofar wani gidan caca a Manchester, Kelvin yana ciki, aka ji wa wani mutum ciwo. Cikin Maris na 2011 kotu ta ɗaure shi wata takwas. Manchester City kuma ta sallame shi. Yana da shekara 22. Wanda bara dubban mutane suke kallonsa a Wembley, bana yana ɗakin kurkuku, ba aiki, sunansa kuma ya ɓaci a jaridu.

Ba na kawo wannan domin in tona asirin kowa ba, gama abu ne da aka yi a gaban shari'a, ya kuwa biya abin da aka yanke masa. Na kawo shi domin samarinmu su ga cewa aikin shekara goma yana iya rushewa cikin fushin minti ɗaya. Saurayi mai kuɗi a aljihu, nesa da idon iyaye, da abokan yawon dare, yana cikin haɗarin da ƙarfin ƙafa ba ya maganinsa. Da yawa sun faɗi a daidai wannan wuri ba su ƙara tashi ba.

Waɗanda suka tuna da shi

Kelvin ya tashi, amma daga ƙasa ya sāke farawa. A Janairun 2012 Portsmouth, wadda take rukuni na biyu, ta ba shi ɗan gajeren kwantiragi. Sai dai gidan da ya shiga ma yana cin wuta. Bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, albashin 'yan wasa ya maƙale, a watan Fabrairu kotu ta ɗora masu kula da dukiya a kanta, hukumar gasar kuma ta zare mata maki goma. A ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na uku. Kelvin ya sāke zama mai neman aiki.

A nan ne tsohon sani ya yi rana. Keith Hill, wanda ya karɓe shi a Rochdale yana ɗan shekara 18, a lokacin shi ne mai horarwa a Barnsley, Flitcroft kuma yana tare da shi. Suka kira shi a 2012. Da aka sallami Hill, Flitcroft ya gaje shi, ya ci gaba da sa Kelvin a wasa. A Mayun 2013 Barnsley ta tsira daga faɗuwa a ranar ƙarshe, bayan ta yi kunnen doki 2 da 2 da Huddersfield. Shekara ta gaba ba ta tsira ba, ta faɗi a 2014. Wannan ita ce ƙungiya ta uku da ta faɗi yana cikinta.

Kafin nan Flitcroft ya riga ya koma Bury, wata tsohuwar ƙungiya a rukuni na huɗu. Ya sāke aika wa Kelvin. Yanzu shekararsa 26, kuma ba yaron nan mai tsere a gefen fili ba ne. Ya koma tsakiya, inda aikinsa shi ne ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa wani ya je ya ci a yi masa tafi. Aiki ne irin na wanda yake haƙa kwalbati a gonar rani: ba wanda yake yabonsa sai ranar da ruwa bai zo ba. Ranar 2 ga Mayu, 2015, Bury ta ci Tranmere 1 da nema a wasan ƙarshe na kaka, ta zo ta uku, ta hau rukuni na uku. Bayan faɗuwa uku da kurkuku, wannan ne karo na fari da ya ɗanɗana hawa.

Ya yi shekara uku a Bury. A 2017, yana da shekara 29, ya koma Carlisle United a rukuni na huɗu, can arewa kusa da iyakar Sikotilan. Idan ka ƙirga za ka sami ƙungiyoyi takwas: Manchester City, Rochdale, Leicester, Cardiff, Portsmouth, Barnsley, Bury da Carlisle.

Ku lura da abin da ya riƙe shi. Sau biyu yana tsaye ba aiki, sau biyu kuma wanda ya taɓa aiki da shi ne ya miƙo masa hannu. Mutanen nan sun san tarihinsa sarai, sun san an ɗaure shi, duk da haka suka ɗauke shi. Mai horarwa a ƙaramar ƙungiya ba shi da kuɗin da zai yi asara, kuma in aka sha kashi sau biyar a jere shi za a fara kora. Ba ya ɗaukar mutum don tausayi kawai. Yakan ɗauki wanda ya tabbata zai zo horo a kan lokaci, zai yi wasa a duk inda aka ajiye shi, ba zai ɓata ɗakin 'yan wasa da gunaguni ba. Haka yake a wurinmu. Manomin da ya ɗauki 'yan ƙodago goma bana ya san biyun da zai aika a kira masa baɗi.

Yadda aikin yake

Bari mu duba rayuwar irin wannan ɗan wasa ta yau da kullum, gama talabijin ba ya nuna ta.

A rukunan ƙasa kowace ƙungiya tana buga wasa 46 a kaka, ban da wasannin kofi. Ana farawa a Agusta a gama a Mayu, sau da yawa Asabar da Talata. Tsakiyar kakar tana faɗawa cikin hunturun Ingila, lokacin da rana takan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, ga ruwan sama, ga iska mai ratsa ƙashi. Ranar 26 ga Disamba kullum akwai wasa, saboda haka sa'ad da iyalai suke zaune tare ranar Kirsimati, ɗan wasa yakan kasance a filin horo ko a masauƙi. Tafiya kuwa a mota ake yinta. Daga Carlisle zuwa Exeter a kudu ya kusa nisan Kano zuwa Maiduguri, a je a buga minti 90, a juyo cikin dare.

Kwantiragi a waɗannan rukunai yawanci na shekara ɗaya ne ko biyu, yakan ƙare a ƙarshen Yuni. Cikin Mayu kowace ƙungiya takan fitar da sunayen waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta sallama. Kowace shekara ɗaruruwan 'yan wasa sukan ga sunansu a layi na biyu. Mai iyali sai ya zauna da matarsa su yanke shawara: a cire yara daga makaranta a bi shi sabon gari, ko ya tafi shi kaɗai ya kama ɗaki? Albashin kuwa tsakaninsa da na taurarin Firimiya kamar sama da ƙasa ne. Gaskiya ne da fam ake biya, amma da fam ake biyan haya, da fam ake sayen abinci, gwamnati kuma tana cire harajinta tun kafin kuɗin ya iso hannu. Yana isa a ci a sha a rufa asiri. Ba ya isa mutum ya zauna ya huta har tsufa.

Ga kuma ciwo. Jarin ɗan ƙwallo gwiwarsa ce da idon sawunsa. Jijiya ɗaya in ta tsinke, sai a yi wata tara ana jinya, kwantiragi kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Wanda ya kai shekara 35 yana wasa ya yi sa'a ƙwarai. A shekarun da malamin makaranta ko kafinta yake fara ƙwarewa a aikinsa, a nan ɗan ƙwallo yake ajiye nasa, da sauran rabin rayuwa a gabansa.

Ƙungiyar ma kanta ba dutse ba ce. Bury da muka ambata an kafa ta a 1885, ta ci kofin FA a 1900 da 1903. A 2019 'yan wasanta suka yi watanni ba albashi, ranar 27 ga Agusta na shekarar kuma aka kore ta daga gasar ɗungum saboda matsalar kuɗi. Shekara biyu kacal ke nan bayan Kelvin ya bar ta.

Ko waɗanda suka daɗe a hawan sama sukan sauko ta wannan matakala. Shola Ameobi, wanda aka haifa a Zariya a 1981, ya yi shekara 14 yana buga wa Newcastle United, ya kuma je kofin duniya da Nijeriya a 2014. Amma a Fleetwood da Notts County, a rukuni na uku da na huɗu, ya ƙarasa wasansa. A 2019 Newcastle ta ɗauke shi aikin kula da yaran da take bayarwa aro. Shi ma sunan kirki da ya bari a gida ne ya buɗe masa ƙofa.

Ƙofar ba a buɗe take ba

Yanzu mu koma kan abin da na ce a riƙe. Kelvin da Dickson da Shola duk a arewacin Nijeriya aka haife su, amma ba wanda ya tashi daga nan da jakar takalmi ya je gwaji. Iyayensu ne suka koma Ingila da zama, yaran suka girma a can, ƙungiyoyi suka gan su tun suna makaranta. Yaron da yake Watari yau hanyarsa dabam ce, akwai kuwa ƙofofi biyu a gabansa.

Ta fari, dokar hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata domin ƙwallo, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar idan iyayensa sun ƙaura don wani aikin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 ko 17 Ingila ya sa hannu a kwantiragi, ko bai san doka ba, ko kuwa ya san ka ba ka sani ba.

Ta biyu, baƙo ba ya yin ƙwallon sana'a a Ingila sai da izinin aiki, izinin kuwa ba ya samuwa sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince. Abin da take dubawa shi ne wasannin da mutum ya buga wa ƙasarsa, da irin gasar da ya fito daga cikinta. Bizar ziyara ba ta ba kowa ikon yin aiki. Ƙaramar ƙungiya a rukuni na huɗu kuma, wadda ɗaruruwan ƙwararrun 'yan wasa marasa aiki suke ƙwanƙwasa mata ƙofa kowace shekara, ba ta da dalilin neman yaron da bai taɓa buga gasar kowa ba.

Ku dubi hanyar Ahmed Musa, wanda kowane yaro ya sani. A gida ya fara. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar Nijeriya. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya buga wa ƙasa, sai a 2016 Leicester ta saye shi. Ƙungiyoyi ne suka biya kuɗi domin su same shi. Wannan ita ce alamar da za ku gane ciniki na gaskiya: a ƙwallo kuɗi daga mai neman ɗan wasa yake fitowa. Idan aka juyo aka ce uban yaro ne zai biya, to, a tsaya a yi tunani. Yara da yawa daga Afirka ta Yamma an kai su Turai da irin wannan alkawari, aka ajiye su a masauƙi, mutumin ya ce zai je ya dawo. Biza ta ƙare, kuɗi ya ƙare, kunyar komowa gida kuma ta hana su faɗa wa iyayensu gaskiya.

Shawara ga iyaye da samari

Kada wani ya ɗauka ina kushe ƙwallo. Wasa ne mai kyau, yana gina jiki, yana koya wa yaro aiki tare da 'yan'uwa da bin doka. Sana'a ce kuma ta halal. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana ciyar da kansa da guminsa a garuruwa takwas, ya faɗi ya tashi ya gyara halinsa, ya cancanci a girmama shi ko da ba a buga hotonsa a riga ba. Abin da nake roƙo shi ne mu san sana'ar yadda take kafin mu zuba mata abin da muka gada.

Ku iyaye, idan ɗanku yana da baiwa, ku ƙarfafa shi, ku je ku kalli wasansa. Ku bar shi ya fara daga ƙungiyar makaranta da ta ƙaramar hukuma, ya nemi shiga ƙungiyoyin Kano masu rajista. Idan gwani ne, za a gan shi a nan. Idan ba a gan shi a Kano ba, da wuya a gan shi a Landan. Idan wani ya zo da alkawari, ku tambayi lasisinsa na dillancin 'yan wasa, ku nemi wasiƙar gayyata daga ƙungiyar da ya ambata, ku kai ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a duba muku. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ce a yi sauri kada dama ta wuce, shi ne za ku fi yi wa bincike.

Kada kuma ku yarda yaro ya bar aji saboda fili. A Ingila ma, yaran da ƙungiyoyi suke ɗauka suna da shekara 16 dole ne su ci gaba da karatu tare da horo, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa kuma, wadda aka kafa tun 1907, tana taimaka wa 'ya'yanta da kuɗin koyon wata sana'a. Sun yi haka domin sun san yawancin yaran ba za su kai ba, waɗanda suka kai ma za su gama da wuri. In masu abin sun yi wa kansu wannan tanadi, ina ga mu?

Ku samari kuma, ku koyi abu biyu daga Kelvin Etuhu. Fushin dare ɗaya ya raba shi da babbar ƙungiya. Halin aiki da wasu mutum biyu suka gani a wurinsa tun yana ɗan shekara 18 shi ne ya ba shi abinci shekara biyar bayan ya fito. Duk inda aka sa ka aiki, ko na sati biyu ne, akwai mai kallonka.

Da na gama ba dattijon nan labari, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe can ma ƙodago ne." Na ce, "Ƙodago ne, Baba, sai dai nasu da takalmi ake yi." Muka shirya zai ce wa mutumin ya kawo wasiƙar ƙungiyar da lasisinsa, mu tafi Kano tare a duba. Har na rubuta wannan bai kawo ba. Shanun suna nan a turke, an dasa tumatir a gonar bakin ruwa, yaron kuma yana shirin jarrabawarsa ta ƙarshe. Da yamma in an tashi daga makaranta yakan ɗaura takalmi ya tafi fili, kuma har yanzu ba wanda ya kai shi.